Makarantar Takwarata

Ni ban taɓa zama a aji ba. A zamaninmu, a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, abin da yarinya take samu shi ne surorin da za ta yi salla da su, sai turmi, sai rijiya. Shi ya sa ranar da na ga matar ɗana tana niƙa gawayi, tana kwaɓa shi da ƙaro, tana shafa wa bangon ɗakinta ta waje har wurin ya yi baƙi ƙirin, na ɗauka maganin gara ne. Na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce allo ne, makaranta za a buɗe, amma ɗalibar guda ɗaya ce.

Ɗalibar jikata ce, 'yarta ta fari, lokacin ba ta isa shiga firamare ba, haƙoran nono duk suna bakinta. Sunana aka sa mata, don haka ni takwara nake ce mata, sauran mutanen gida kuma su ce Inna ƙarama.

Ga yadda maganar ta taso. Ina da 'ya da take aure a Gumel, mijinta ma'aikacin gwamnati ne. Da ta zo ganin gida da damina, ta ce akwai makarantar ƙananan yara a bayan gidansu, irin wadda ake ɗinka musu riga iri ɗaya, a rataya musu jaka, Keke Napep ya kai su ya dawo da su. Ta ce a ba ta yarinyar ta riƙe, kada ta tashi a ƙauye tana bin awaki. Uban yarinyar, wato ɗan farina, wanda yake sayen riɗi da zoɓo a ƙauyuka yana kaiwa Maigatari, ya ce ai wannan alheri ne. Ba wanda ya tambayi uwar, don ba a tambayar uwa a kan ɗan fari. Ko an tambaye ta ma, abin da za ta ce shi ne, ai naku ne. Balle ita, Bafulatana ce daga yankin Gagarawa, kakarta ce ta rene ta. Ta yi karatun koyarwa a Gumel, tana duba waya kamar kowa, amma kunyarta irin ta mutanen da ce.

Ban san da wane baki ta yi wa mijinta magana ba. Na dai ji ya aika wa ƙanwarsa da saƙo cewa a dakata, uwar za ta gwada koyar da ita a gida, wai don kada a ɗora wa gwaggo nauyi. In an kai ƙarshen kakar zoɓo ba a ga wani abu ba, sai a zo a ɗauke ta. Ni kuwa raina bai so tafiyar ba, gidan da babu ƙaramin yaro ai kango ne. Amma gaskiyar magana, abin da ya fi cin raina a lokacin shi ne son ganin yadda ake yi. Na tsufa ina ganin yara suna shiga wani gini da safe su fito da rana suna wasu maganganu, ban taɓa sanin abin da ake yi musu a ciki ba. To, ga shi an kawo mini abin har tsakar gida.

Ranar farko, tun kafin a gama shan koko na jawo tabarmata na shimfiɗa a gindin dalbejiya, daidai inda zan ga allon, na ɗauko carbina na zauna.

Abin da na gani ya ba ni mamaki. Na zaci za a fara da ja mini baƙi, kamar yadda ake yi a makarantar allo, malami ya faɗa yaro ya maimaita. Ba haka ba. Matar ɗana ta fito da gwangwanayen madara da ta wanke, da murafen kwalaben lemo masu launi iri iri, da 'ya'yan tsamiya, da zare, da ƙwarya cike da yashi. Aka sa yarinya ta raba jajayen murafe da koraye. Aka sa ta ɗebi yashi da ludayi ta zuba a gwangwani kada ya zube. Aka yanka karan dawa ƙanana, aka huda, aka ce ta zura su a zare. Na yi haƙuri har hantsi ya ɗaga, sannan na ce, wai yaushe za a fara karatun? Ta ce ai shi ake yi, Inna. Ta ce yatsun yaro sai sun yi ƙwari kafin su riƙe alli, idonsa kuma sai ya saba rarrabe wannan da wancan kafin ya rarrabe baƙaƙe. Na juya maganar a raina na ga ta zauna. Ashe su ma masu boko sai sun yi sharar gona kafin shuka.

Sai dai akwai wani abu da bai zauna ba, ni kuma na daɗe ban gane shi ba. Malamar ba ta kallon ɗalibarta. Tana tsaye a gefe, fuskarta ga bango, sai ta ce, wai a ce wannan wane launi ne? Yarinyar ta ɗaga kai ta duba ko da wa ake, ta ga ba a kalle ta ba, ta ci gaba da cusa 'yar tsamiya a hanci. In ta yi daidai, uwar ta yi shiru. In ta yi kuskure, uwar ta ce, a sake. Ba ta kiran sunanta, kuma dole ne, don nauyi biyu ne a kanta: ga 'yar fari, ga sunan uwar miji. Sai ke, sai wannan, sai yarinyar nan. Takwara kuwa ba ta jimawa take gajiya. Ta watsar da murafen, ta rugo ta faɗa cinyata, makaranta ta tashi.

Da na ga haka, na ce bari in taimaka. Tunda uwa ba ta yabon 'yar fari a gaban mutane, ni sai in zama bakinta, kamar yadda ake yi a gaban hakimi, a faɗa wani ya isar. Uwar ta yi tambaya, ni in maimaita wa yarinyar, in ta amsa daidai in yaba. Nan ma abin bai yiwu ba. Tsakanin kaka da jika ai wasa ne tun ran gini tun ran zane. Tun tana goye nake ce mata mummuna, mai ƙaton ciki, ɓarauniyar goro, ita kuma da ta buɗe baki ta fara ce mini tsohuwa mai haƙori ɗaya. Duk abin da ya fito daga bakina, a wurinta tsokana ce. Na ɗaga jan murfi na ce, takwara, wannan fa? Ta dube ni ta ce kore ne, ta kwashe da dariya. Ta sani sarai. Na ce madalla kin yi ƙoƙari, ta ce ƙarya nake, fura nake so ta ɗebo mini. Ga makaranta da malamai biyu, ɗaya ba ta iya yabo, ɗaya ba a yarda da yabonta.

Haka muka yi ta yi har aka yanke gero aka shigar da shi rumbu. Ubanta in ya dawo daga kasuwar Maigatari ya ɗaga ta ya ce me aka koya yau, ta ce yashi. Shi kuma ya yi dariya, irin dariyar mutumin da ya riga ya yanke shawara. Uwar ta fara ramewa. Na sha ganinta da la'asar ta hau kan turmi a bayan rumbu, inda waya take kamawa, tana kallon yadda wasu mata a wasu garuruwa suke koyar da 'ya'yansu, kashegari ta fito da sabuwar dabara, ita ma ta mutu a gaban idona. Na yi ta tunani. Na ce ko yarinyar ce ba ta isa ba. Na ce ko karatun da aka yi a Gumel na manyan yara ne. Ruwa ba ya tsami banza, amma ban gano abin da ya faɗa cikinsa ba.

Akuya ce ta nuna mini. Wata safiya jar akuyata ta tsinke ta shiga gonar waken maƙwabta, na bi ta tun kafin a fito da gwangwanaye. Ta wahalar da ni ƙwarai, har bakin kududdufi. Da na kamo ta, na biyo ta bayan gida, inda dangar kara ta raba mu da hanya. Ina cikin tafiya sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, wanda tun da maigidana ya rasu, sa'o'ina suka ragu, ban ƙara jin an kira ni da shi ba. Murya ce ta mace, a sake, da dariya a cikinta. Har na buɗe baki zan amsa. Sai na ji tafi, na ji muryar tana cewa, yauwa 'yata, yauwa mai hankali, ƙara ɗaya mu gani. Na ji takwara tana ƙirga wani abu da ƙarfi, ana tayata.

Na ce a raina baƙuwa muka yi, wataƙila wata abokiyar karatunta ce ta zo daga Gumel. Na zagayo na yi sallama na shiga da akuyata. Babu baƙuwa. Matar ɗana ce zaune dirshan a ƙasa, ɗankwali ya zame, yarinyar a kan cinyarta, hannuwansu duk alli, allon ya cika da da'irori manya da ƙanana. Tana ganina ta sauke ta kamar ta riƙe garwashi, ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta juya ga bango. Fuskar nan ta rufe. Ta ce, wai a tattara murafen nan. Takwara ta dube ta, ta dube ni, ta rasa inda malamarta ta shige.

Na ɗaure akuya na shiga ɗaki na zauna. Ashe duk kwanakin nan ba makarantar nake kallo ba, inuwata nake kallo a kanta.

Da azahar na kira matar ɗana. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kamar yadda ta saba. Na ce, "'Yar nan, na ji abin da na ji da safe, kuma ya yi mini daɗi. Daga yau na sauke miki. Ki kira ta da sunan, ki yabe ta, ki ɗora ta a cinya a gabana. Sunana ne, ni na ba ki."

Ta ce, "To, Inna. Allah ya ƙara girma."

Kashegari na shimfiɗa tabarmata ina jira. Ta yi ƙoƙari, ba zan zalunce ta ba. Na ga ta juyo ta dubi yarinyar, leɓenta ya motsa, wuyanta ya motsa, abin da ya fito shi ne, ke. Na ce ikon Allah, to me ya riƙe ta bayan an sake ta? Abin ya tsaya mini a rai har na ce bari in gwada a kaina. Na koma ɗaki, na saki labule, ba kowa sai ni da randa. Na ce bari in kira sunan ɗan farina, wanda yanzu har furfura ta fara fito masa a gemu. Na san sunan, ni na ji an raɗa masa. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na yi dariya ni kaɗai. Kunya ba zane ba ce da wani zai ce miki kwance ki kwance.

Dabara ɗaya ta rage, ita ce kuma wadda ban so ba. Zoɓo ya nuna a lokacin, a gidan wata tsohuwar ƙawata da ke gabas da masallaci mata suna taruwa da safe suna raba furen da ƙwallonsa kafin a shanya. Rabona da aikin nan an daɗe, don yana sa mini ƙaiƙayi a hannu. Na wayi gari na yafa mayafi na ce a tsakar gida, yadda kowa zai ji, cewa ƙawata ta roƙe ni in riƙa kama mata, ba zan dawo ba sai rana ta take. Ba ta roƙe ni ba. Da ta gan ni ma cewa ta yi, a'a, su malama ne, an tashi daga makarantar? Na ba ta labari. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wa matan da ke wurin su zo su ga daƙiƙiyar da aka kora daga ajin yashi. Na ce ita da ko ƙofar ajin ba ta gani ba fa? Ta ce ita dai ba a kore ta ba. Haka muka yi ta yi kullum, hannuwanmu jajur, ni kuma hankalina yana gida. Ina cire zoɓo ina cewa, yanzu ko me suke yi? Ko an kai ga baƙaƙe? Sau da yawa ƙafata ta so ta bi ta bayan danga in tsaya in saurara. Ban yi ba. Laɓe ba na babba ba ne, kuma na san in ta ji motsina sau ɗaya, shi ke nan, danga ma za ta zama suruka.

In na dawo sai in tarar an goge allo, an kife gwangwanaye, an share wurin tsaf. In na tambayi uwar ta ce, ana dai fama, ba ta jin magana. In na tambayi takwara ta ce ba za ta faɗa ba sai na ba ta goro.

Allah da ikonsa, sai labarin ya zo mini ta wata hanya. Da la'asar, lokacin da uwar take wajen murhu, takwara takan je bayan ɗakina inda ake tara totuwar masara. Wata rana ina lazimi na ji tana magana. Na leƙa ta taga. Ta jera totuwa a ƙasa, ta zaunar da su, ta ɗauki tsinke tana zana da'ira a yashi. Ta canza murya, ta mai da ita ta manya, a hankali, da daɗi. Tana ce wa totuwa, a'a 'yata, ba komai, sake gwadawa, ni ma da ban iya ba. Ta ɗaga wata ta sumbace ta ta ce, kin ga, kin iya. Ta ƙirga su da Hausa, ta sake ƙirga su da wani yare da na gane Fulatanci ne, ta rera musu wata 'yar waƙa ta sassan jiki tana taɓa kai da kafaɗa. An ce gani ya kori ji, amma ni da ji aka bar ni, kuma na gode. Daga ranar, kowace la'asar ina bakin taga. A nan na san an fara rubuta baƙi na farko, a nan na san an shuka wake a gwangwani ana duba shi kowace safiya, a nan na san malamar takan yi kukan jaki da na zakara don a ce wane ne wannan. Matar da ko tari ba ta yi a gabana.

Da zoɓo ya ƙare, 'yata ta iso daga Gumel da 'yar jaka mai hoton kyanwa da takalma farare. Bayan an ci abinci, uban ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce a kira yarinyar ta nuna abin da ta koya. Ta ga mutane sun zuba mata ido, ta sa yatsa a baki, ta ɓuya a bayan turmi. Ya juya ya tambayi uwar. Tana durƙushe can nesa, kanta a ƙasa, ta ce, "Ba ta san komai ba sai ɓarna. Duk yadda kuka yi daidai ne."

Na san dole ta faɗi haka. Da ni ce a wurinta, haka zan faɗa. Na kuma ga yadda ta damƙe bakin zanenta har jijiyoyin hannunta suka fito. Shi kuwa ya ce to shi ke nan, a haɗa kayanta.

Ni ba na jayayya da ɗan farina baki da baki, ban taɓa ba. Amma ƙanwarsa ba ta fari ba ce, ita ina iya kama kunnenta. Na ce mata ba inda za ta sai bayan la'asar, akwai abin da zan nuna mata. Ta ce mota za ta wuce ta. Na ce in ta wuce wata za ta zo. Da lokaci ya yi, mutane suka watse, na ja ta ɗakina na zaunar da ita a bakin taga, na ce ta yi shiru. Na san dai yaro ba a yin alkawari a kansa. Muka jira. Can sai ga takwara, ta zo da sabuwar jakar a rataye, ta zazzage totuwa daga ciki, ta jera su. Ranar wata totuwa ce ta ƙi zama, tana ta faɗuwa. Takwara ta ɗauke ta ta ɗora a cinya ta ce mata ba komai, kowa da ranarsa, ta kama ta suka zana baƙi tare a yashi.

'Yata ta daɗe tana kallo, sannan ta raɗa mini, "Inna, wannan muryar wa take kwaikwayo?"

Na ce, "Ta malamarta."

"Matar yaya? Wadda ta ce ɗazu ba ta san komai ba?"

"Ita. Ni ma ban taɓa ganinta tana yi ba, kuma ba zan gani ba. In kin tafi da yarinyar, ita ma ba za ta ƙara yi ba."

Ta tashi ta fita zaure wajen yayanta, suka daɗe. Abin da ta faɗa masa ban sani ba. Na dai ji ya ce a bar ta har ta isa firamare, sannan a sake magana. 'Yata ta yi mana sallama ta hau babur zuwa bakin titi, ta bar jakar da takalman.

Uwar ba ta yi mini godiya ba, ni ma ban jira ba, don godiya a kan 'yar fari ai fallasa ce. Na kwana ina tunanin inda zan riƙa zuwa, tunda zoɓo ya ƙare, har na fara cewa wataƙila yanzu da hankali ya kwanta za a bar ni in zauna a gefe, ko daga nesa ne. Da gari ya waye na fito, na tarar da ƙwaryar fura an dama da nono mai kauri, an rufe da faifai a ƙofar ɗakina. Kusa da ita ga mayafina an wanke, an ninke, ga takalmana an goge an jera, bakinsu yana kallon zaure. Na sha furar, na yafa mayafin, na tafi in tambayi ƙawata ko tana da gyaɗar ɓara.